Rigar Aro Ba a Rage Mata Tsawo

Akwai wata al'ada ta masu yin majigi a Turai da Amurka wadda na ke so mu duba tare. Su kan ɗauki tsohon wasan kwaikwayo na ban dariya, wanda ya daɗe a hannun mutane har ya zama abin karantarwa a makarantu, su sa masa waƙoƙi da kiɗa da rawa, sa'an nan su ɗauke shi hoto a riƙa nunawa a gidajen sinima. Waɗansu malamai suna ganin wannan ɓarna ce tsantsa, waɗansu kuwa suna cewa ai raya wasan a ke yi. Ni a ganina sa waƙa ba laifi ba ne, sau da yawa ma gyara ne. Laifin yana zuwa ne sa'ad da mai gyara ya taɓa ainihin abin da aka rubuta wasan dominsa. Don kada maganar ta zama shaci-faɗi, zan kawo misali guda wanda ya shahara ƙwarai, watau wasan nan Pygmalion na Bernard Shaw, da majigin My Fair Lady da aka yi da shi cikin 1964.

Shi dai Shaw mutumin Dublin ne ta ƙasar Ailan. An haife shi cikin 1856, ya mutu cikin 1950 yana da shekara 94, ya kuwa sami kyautar Nobel ta adabi ta shekarar 1925. Ya rubuta Pygmalion cikin 1912, aka fara nuna shi a birnin Biyana cikin 1913 da harshen Jamus, sa'an nan aka nuna shi a Landan cikin watan Afrilu na 1914. Wasan kashi biyar ne, ga kuwa labarinsa a taƙaice.

Akwai wani malami wai shi Henry Higgins, gwanin ilmin furuci, watau irin ilmin nan na mafitar haruffa da muka sani wajen masu tajwidi, sai dai shi nasa a kan harshen Ingilishi ne. Da ka buɗe baki sai ya gaya maka unguwar da ka tashi, kamar yadda mu kan gane Basakkwace da Bakano tun daga gaisuwa. Amma a Ingila ta wancan zamani abin ya wuce gane garin mutum. Lafazi shi ke raba talaka da ɗan babban gida, shi ke buɗe wa mutum ƙofar aiki ko ya rufe masa ita. Wani dare ana ruwa, a kasuwar Covent Garden, sai Higgins ya gamu da wata yarinya mai tallar furanni, sunanta Eliza Doolittle, ya yi ta yi wa maganarta ba'a a gaban jama'a. Gari na wayewa sai ga ta a gidansa, ta ce ta zo a koya mata magana irin ta manya, za ta riƙa biyan sule guda, domin ta sami aiki a kantin sayad da furanni, ta huta da talla a bakin titi. Ku riƙe wannan wuri da kyau, gama za mu komo kansa: ita ta kawo kanta, da kuɗinta a hannu, da bukatarta a zuci.

Higgins ya ci alwashin cikin wata shida zai fitad da ita taron manya ba wanda zai gane asalinta. Abokinsa Kanar Pickering ya ce in ya iya, shi zai biya duk abin da aka kashe. Uwargidan da ke kula da gidan Higgins, da mahaifiyarsa, dukansu suka tambaye shi, "To, bayan wata shidan fa, ina yarinya za ta nufa?" Bai saurare su ba. Aka yi karatu, aka kai ta taro, ta ci nasara. Da suka komo gida cikin dare, sai mazan nan biyu suka zauna suna yabon junansu, suna murna wahala ta ƙare, ba wanda ya ko dube ta. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Higgins ya tashi yana neman silifansa, sai ta ɗauka ta jefe shi da su, ta bar gidan a daren.

A kashi na biyar suka gamu a gidan mahaifiyarsa. Nan Eliza ta yi wa Pickering godiya, ta nuna cewa ladabin da ya riƙa yi mata tun ranar farko shi ya koya mata ganin girman kanta. Ta gaya wa Higgins za ta auri wani saurayi mai ƙaunarta, Freddy, in ta so ma ta zama malama ta riƙa koyad da ilmin nan da ya ba ta, tun da ba shi da ikon karɓe shi. Da za ta tafi, sai ya aike ta sayen safar hannu da waɗansu tarkace kamar yadda ya saba. Ta ƙi aiken, ta fita. Nan wasa ya ƙare.

Sunan wasan kuwa daga wata tatsuniyar mutanen da aka samo shi, wadda Ovid mawaƙin Rumawa ya tsara. Wai wani masassaƙi ne na tsibirin Kubrus, mai suna Pygmalion, ya sassaƙa siffar mace da hauren giwa, ta yi masa kyau har ya kamu da sonta, ya roƙi abin bautarsa ta sa mata rai, ya aure ta. Shaw ya ɗauki sunan da gangan, domin ya nuna inda tatsuniyar ta kuskure. Mutum ba hauren giwa ba ne. Wanda ka koya wa abu yana da ransa tun kafin ya zo hannunka, ba ya kuwa zama mallakarka don ka gyara masa baki.

Tun daga ranar farko masu nuna wasa ba su so wannan ƙarshe ba. Herbert Tree, wanda ya fara fitowa a matsayin Higgins a Landan, ya kan jefa wa Eliza furanni gab da a saki labule, don masu kallo su tafi gida da zaton aure za a yi. Shaw ya fusata. Da aka buga wasan a littafi cikin 1916, sai ya ƙara dogon bayani a ƙarshe, ya ce Freddy ta aura, suka buɗe kantin furanni da taimakon Pickering, ya kuma kawo dalilan da suka hana ta auren Higgins. Game da waƙa kuwa, ya riga ya ɗanɗana. Cikin 1908 wani mai kiɗa, Oscar Straus, ya juya wani wasansa ya zama wasan waƙa mai suna The Chocolate Soldier, Shaw kuwa bai ji daɗin abin ba ko kaɗan. Saboda haka da ya ji labari cikin 1921 Franz Lehár yana so ya yi wa Pygmalion kiɗa, sai ya aika aka hana shi. Muddin ransa bai yarda ba. Abin da ya yarda da shi shi ne majigi marar waƙa, wanda Gabriel Pascal ya shirya cikin 1938, har Shaw ya sami kyautar Oscar saboda rubutunsa. Amma ko a nan ma sai da masu majigin suka komo da Eliza ɗakin Higgins a ƙarshe, abin da ba shi ya rubuta ba.

Bayan mutuwarsa hanya ta buɗe. Alan Jay Lerner ya rubuta waƙoƙi, Frederick Loewe ya yi kiɗa, aka buɗe My Fair Lady a dandalin wasa na birnin New York cikin Maris na 1956, aka nuna shi sau 2,717 a jere. Jack Warner ya sayi izinin mai da shi majigi a kan dala miliyan 5 da rabi, George Cukor ya ba da umarni, ya fito cikin 1964, ya kwashe kyautar Oscar guda 8. Wannan majigi shi ne yawancin mutanen duniya suka san labarin Eliza ta hanyarsa.

To, yabon gwani ya zama dole, bari in fara ba mutanen nan hakkinsu. A wasan Shaw yadda aka fara nuna shi, mai kallo ba ya ganin karatun da kansa. Kashi na biyu ya ƙare da ƙulla magana, kashi na uku ya buɗe Eliza ta riga ta iya furuci. Majigin waƙa kuwa ya nuna wahalar tsakani: maimaita wasula dare da rana, hura wuta don a fitad da harafin ha, gajiya, fushi, har ta kai ga ɗalibar tana yi wa malaminta mugun fata a zuci. Sa'an nan wajen ƙarfe uku na dare, kowa ya fid da rai, sai jimlar da ta gagara ta fito daidai daga bakinta, su uku suka tashi suka kama rawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana fama da yaro a kan abu guda mako da mako, ya san wannan farin ciki ya fi ƙarfin magana. A nan waƙa ta yi abin da zance ba zai yi ba, ta kuwa yi shi a kan hanyar da Shaw ya shata.

Har wa yau sun yi dabara wajen Higgins. Rex Harrison, wanda ya fito a matsayinsa, ba mawaƙi ba ne. Maimakon su tilasta masa jan murya, sai suka tsara masa waƙoƙin da zai riƙa faɗi kamar magana a bisa kiɗa. Da haka Higgins ya zauna yadda Shaw ya yi shi, mai gardama, mai kaifin baki, wanda ba ya jin kowa sai kansa. Uban Eliza ma, Alfred Doolittle mai kwasar shara, wanda ya zo karɓar fam 5 a kan 'yarsa, daga baya gādon wani attajirin Amurka ya faɗo masa ya riƙa kukan an raba shi da jin daɗin talauci, shi kam dama kamar don waƙa aka halicce shi. An kuma ɗauke taron shan shayi na gidan mahaifiyar Higgins aka mai da shi filin sukuwa na Ascot, aka fid da 'yar'uwar Freddy daga labarin ɗungum. Ban ga abin zargi a nan ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Dandali ɗaki guda ne, majigi kuwa yana iya fita waje, wauta ce a hana shi.

Amma ku dubi yadda aka rufe majigin. Bayan Eliza ta yi masa bankwana, sai Higgins ya nufi gida shi kaɗai, yana wata waƙa mai taushi, yana faɗin yadda ya saba da ita. Ya shiga ɗaki ya kunna na'urar da ya ɗauki muryarta ranar da ta fara zuwa. Yana cikin saurare sai ga ta ta shigo. Bai tashi ba, bai ba ta haƙuri ba. Ya kishingiɗa, ya ja hula ya rufe ido, ya tambaye ta inda silifansa su ke. Kiɗa ya tashi, aka ƙare. Silifan nan kuwa su ne ta jefe shi da su daren da ta gane matsayinta a gidan. Watau abin da ta bar gidan dominsa, shi ta komo ta tarar, ba abin da ya ragu.

Hatsarin waƙa ke nan. Kunne ya kan gaskata ta tun hankali bai auna ba. Waƙar nan ta Higgins tana da daɗi ƙwarai, har mai kallo ya ji tausayinsa, ya manta mutumin bai sake hali ba ko da ƙwayar zarra. Abin da ya faɗa kuwa sabo ne kawai, Hausawa kuma sun ce sabo turken wawa. Mutum ya kan saba da kujerarsa, ya kan saba da bawansa, ba ya nuna ya san darajarsu. Abin mamaki, 'yan mintoci kaɗan kafin wannan, majigin da kansa ya ba Eliza waƙa guda wadda a ciki ta gaya masa duniya za ta ci gaba da tafiya ko babu shi. Ashe majigin ya ƙaryata kansa da bakinsa.

Akwai kuma wani abu da ya faru a bayan fage wanda ya yi kama da labarin. Julie Andrews ita ta yi Eliza a dandali, amma Warner ya ga ba a san ta a majigi ba, ya ba Audrey Hepburn. Da aka zo waƙa, sai aka ɗora muryar wata mawaƙiya, Marni Nixon, a kan yawancin waƙoƙin, ba a kuwa rubuta sunanta cikin jerin masu aikin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Majigin da ke ba da labarin yarinyar da ta yi aiki aka yaba wa wani, shi ma ya yi wa wata mace haka nan. Ita Julie Andrews kuwa a shekarar nan ta ci kyautar Oscar da wani majigi dabam, Mary Poppins.

Na san akwai masu ja da ni, hujjojinsu kuwa ba na banza ba ne. Wani zai ce, "Ai Shaw ma aro ya yi wajen Ovid, ya sake ƙarshen labari. Don me za a hana Lerner abin da aka yardar wa Shaw?" Amsa ita ce, Shaw suna kawai ya ara da ƙashin labari, ya yi nasa gini tun daga tushe, kowace magana ta wasan tana tafiya zuwa ga fitar Eliza. Lerner kuwa ya riƙe yawancin maganganun Shaw yadda su ke, ya bi hanyarsa har bakin ƙofa, sa'an nan ya juya da matafiyi baya. Da ya so Eliza ta zauna, sai ya sake Higgins tun daga farko, ya mai da shi mutumin da ya cancanci a zauna da shi. Shi Lerner bai ɓoye ba, ya rubuta cewa bai tabbata Shaw ya yi daidai a wannan wuri ba. Yana da ikon ra'ayinsa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, Shaw kuwa ya yi shekaru yana faɗa yana maimaitawa.

Wani kuma zai ce, "Mutane sun biya kuɗinsu don su yi nishaɗi, ba wa'azi suka zo ji ba. Wasan ban dariya kuwa da aure ya kan ƙare." Gaskiya ne mutane suna son su tashi da farin ciki. Amma wa ya ce fitar Eliza baƙin ciki ce? Yarinya ta zo neman hanyar cin abincinta da mutunci, ta samu, ga miji mai sonta, ga sana'a, ga ilmi a ka. In wannan bai isa farin ciki ba, to, mai kallo ne ya ɗauki wurin Higgins ya zauna, yana auna daɗin labari da abin da malamin ya samu.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi. Za a ce in ba don waƙoƙin nan ba, da mutane da yawa ba su taɓa jin sunan Eliza ba, majigin ya kai labarin inda littafi bai kai ba. Na yarda. Amma wannan shi ya ƙara wa masu majigin nauyi. Wanda muryarsa ta fi kai wa nesa, shi ya fi kamata ya isad da saƙo yadda aka ba shi. Yau in ka tambayi mutum goma da suka ga majigin, da wuya ka sami wanda ya san mai labarin ya hana wannan ƙarshe.

Kada kuwa a ce waƙa da ƙarshen Shaw ba su haɗuwa, gama an gwada an gani. Cikin 2018 aka sake nuna My Fair Lady a dandalin Lincoln Center na New York, Bartlett Sher ya ba da umarni. Waƙoƙin suna nan yadda su ke, maganganun suna nan, har tambayar silifa. Amma da Higgins ya yi tambayar, sai Eliza ta dube shi, ta juya, ta fita ta bar shi. Ba a zubad da waƙa ko guda ba, aka kuwa mayar wa mai wasa da abinsa. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga abin da na ke ganin ya kamata ga duk mai son juya tsohon wasa ya zama majigin waƙa. Ya fara tambayar kansa, mene ne abu guda wanda mai wasan ya ɗauki alkalami dominsa? In ya gano shi, sauran duka yana da izini: ya rage, ya ƙara, ya sake wuri, ya sa kiɗa inda zuciya ta cika. Amma wannan abu guda amana ne. Wanda ya ari riga yana iya wanke ta, ya yi mata bugu, ya sa mata turare, ya ci ado da ita ranar salla. Ba ya sa almakashi ya rage mata tsawo don ta zo daidai da shi. In kuwa ya ga ba zai iya zama cikinta ba sai da yanka, to, ya ɗinka tasa.

Mu da mu ke shirin fita koyarwa, wannan magana ta shafe mu fiye da kowa, domin wasan a kan malami da ɗalibi ya ke. Higgins gwani ne, ba a ja, ya cika alkawarin wata shida. Abin da ya kasa shi ne tambayar da matan nan biyu suka yi masa tun farko, watau ina ɗalibar za ta nufa bayan an gama. Yaran da za a damƙa mana za su zo da bukatunsu da na iyayensu, ranar da suka tsaya da ƙafafunsu suka wuce gaba, ran nan aikinmu ya yi kyau. Ina ba 'yan'uwana shawara su kalli majigin, su ji daɗin waƙoƙinsa, gama sun cancanci a ji. Bayan haka su nemi littafin a ɗakin karatu, su karanta kashi na huɗu da na biyar a natse, sa'an nan kowa ya yanke wa kansa hukunci.